Na bar giya, barci kuma ya bar ni: yaushe zai dawo?

Tambaya: Likita, shekarata 43. Na yi shekara 12 ina shan giya a ɓoye kusan kowane dare, har ta kai ba na iya barci sai na sha. Yau kwana 47 ke nan rabona da ita. Amma tun da na bari barci ya ƙaurace wa idona. Ina kwanciya ƙarfe 10, sai in kai ƙarfe 1 ko 2 ina juyi. In ya ɗauke ni kuma sai munanan mafarkai, wani lokaci in ga ina sha, in farka jiƙe da gumi. Wani abokina ya ce in sayi Valium a kemis, zuciyata kuma tana raya mini kwalba ɗaya kacal. Shin na lalata ƙwaƙwalwata ne? Yaushe zan yi barci kamar sauran mutane?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara maka ƙarfin zuciya. Kwana 47 bayan shekara 12 ba ƙaramin abu ba ne, musamman ga wanda yake fama shi kaɗai, ba wanda zai iya gaya wa. Bari in fara da abin da ya fi damunka. Rashin barcin nan ba alamar lalacewar ƙwaƙwalwa ba ne. A cikin waɗanda nake gani a asibiti bayan sun bar giya, wanda bai yi kukan barci ba shi ne abin mamaki. Sai dai ba zan ce maka ka yi haƙuri kawai zai wuce ba, domin ta wannan ƙofar ce mutane da yawa suke komawa ruwa. Don haka za mu ɗauke shi a matsayin ciwo mai magani.

Ka ce da can sai ka sha kake barci. Gaskiya ne giya tana kwantar da mutum da wuri, amma abin da take bayarwa ya fi kusa da suma. Barcin lafiyayyen mutum zagaye yake yi, kowane zagaye kamar minti 90, sau huɗu zuwa shida a dare. A farkon dare barci mai nauyi ne ya fi yawa, irin wanda ko an buga ƙofa ba ka ji, shi ne mai huce gajiyar jiki. Can wajen asuba kuma barcin mafarki ne yake rinjaye, wanda a cikinsa idanu suke ta motsi a ƙarƙashin fata, ƙwaƙwalwa tana aiki kusan kamar ta mai ido biyu. Wasu masu bincike biyu a Jami'ar Shikago, Aserinsky da Kleitman, su ne suka gano wannan mataki a 1953. Giya tana danne barcin mafarki a rabin farko na dare. Hanta kuwa tana nan tana aikinta, tana narkar da ita sannu a hankali, to da zarar ta ragu a jini sai komai ya juye: zuciya ta hau bugu, gumi ya karyo, fitsari ya matsa, ƙishi ya taso, mutum ya yi ta farkawa. Ka tuna da yadda kake tashi da safe a waɗancan shekaru. Ka yi awa bakwai a kwance, amma ka tashi kamar wanda ya kwana dako.

Ga abin da ya faru a ciki. Ƙwaƙwalwa tana da birki, tana da totur. Birkin wani sinadari ne da ake kira GABA, totur ɗin kuma gulutamet. Giya tana taka birki, tana kuma sassauta totur. Ƙwaƙwalwa ba ta yarda a riƙa danne ta kullum, saboda haka sai ta rage kaifin birkinta, ta ƙara wa totur ƙarfi, don ta iya aiki duk da giyar. Shi ya sa kwalba ɗaya da take kwantar da kai a farko ta zama uku, ta zama biyar. Shekara 12 tana wannan gyara. Ranar da ka janye giyar, sai aka bar ka da birki mai rauni da totur a danne. Injin yana ta ruri, kai kuma kana kwance kana jiran barci. Ƙwaƙwalwar za ta sake daidaita kanta, ta ma riga ta fara, amma ba a warware ɗinkin shekara 12 a mako bakwai.

Mafarkan ma daga nan suke. Barcin mafarkin da aka daɗe ana dannewa yana dawowa da ƙarfi, ya zo da wuri, ya zo da yawa, kamar mai bin bashi da ya daɗe yana jira a ƙofar gida. Mafarkin shan giya kuwa kusan duk wanda ya bari yana yin sa. Na taɓa ganin wani magidanci, direban babbar mota, da ya shigo mini da sassafe idonsa jajur, yana ta shinshina tafin hannunsa. Ya yi mafarki ya sha, ya farka yana jin ɗacinta a bakinsa, har ya fita tsakar gida ya kuskure baki sau uku, ya kasa tabbatar wa kansa cewa bai sha ba sai da matarsa ta ce masa ko ƙofa bai buɗe ba a daren. Ya ɗauka mafarkin yana nufin tubarsa ba ta karɓu ba. Na ce masa, ni abin da na gani shi ne tsoron da ya ji da ya farka, kuma wannan tsoron yana nuna inda zuciyarsa ta karkata. Irin waɗannan mafarkai suna raguwa yayin da watanni suke tafiya. Wasu kuma sukan gamu da dannau a wannan lokaci, mutum ya farka ya kasa motsi na ɗan lokaci, ya ji kamar an zauna masa a ƙirji. Shi ma ɓurɓushin barcin mafarki ne da ya biyo mutum cikin farkawa. Ka yi addu'o'inka na kwanciya, suna sanya natsuwa, amma kada wani ya tsorata ka da cewa jifa aka yi maka.

To, yaushe zai dawo? Zan gaya maka abin da aka sani, ba tare da na yi maka romon baka ba. Makonnin farko su ne mafi tsanani, kuma ka riga ka haye mafi munin su. Ga mafi yawan mutane, daga wata na biyu zuwa na shida ake ganin sauƙi a fili: lokacin da ake ɗauka kafin barci ya zo yana raguwa, awannin barci suna ƙaruwa. Sauƙin ba ya zuwa a miƙe, za ka samu dare uku masu kyau, na huɗu ya ɓaci, ka ga kamar an koma gidan jiya. Wani bincike da aka yi a asibitin tsofaffin sojoji na San Diyego a Amurka, wanda Drummond da Gillin da abokan aikinsu suka wallafa a 1998, ya bi mutanen da suka bar giya ana auna barcinsu da na'ura har tsawon wata 27. An ga barcin yana gyaruwa a cikin shekarar farko, amma yawan farkawa cikin dare da rikicin barcin mafarki sun ci gaba da bayyana a na'ura har bayan shekara biyu. Kada wannan ya karya maka gwiwa. Abin da na'ura take gani daban, abin da mutum yake ji daban, mutane da yawa suna jin sun ƙoshi da barci tun kafin na'urar ta yarda. Na faɗa maka ne don kada ka sa wa kanka wa'adin wata biyu, in ya cika ba ka warke ba ka ce bari bai yi amfani ba.

Dalilin da ya sa na ce ba za mu zauna jira ba shi ne wani bincike na Kirk Brower na Jami'ar Mishigan, wanda ya fito a 2001. Ya duba mutum 172 da suka zo neman maganin shan giya, ya tarar kashi 61 cikin 100 suna fama da rashin barci. Da aka bi sawun wasu daga cikinsu bayan kimanin wata biyar, kashi 60 cikin 100 na masu rashin barcin sun koma sha, alhali a cikin waɗanda barcinsu ke lafiya kashi 30 ne suka koma. Ninki biyu ke nan. Muryar nan da take ce maka kwalba ɗaya kawai, ba kai kaɗai take yi wa magana ba, kuma ƙarfe biyun dare ne lokacin da ta fi zaƙin baki. In ka biye mata za ka yi barci a daren, ba musu. Amma za ka farka ƙarfe uku da bugun zuciya, gobe ka buƙaci biyu, gyaran kwana 47 da ƙwaƙwalwarka ta yi kuma ya rushe.

Shawarar abokinka ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin na san da kyakkyawar niyya ya ba ka. Valium, wato diyazefam, da 'yan'uwansa irin su Rohypnol da matasa suke kira rochi, birkin nan na GABA suke takawa, daidai wurin da giya take taɓawa. A wurin ƙwaƙwalwarka, giya ce a cikin ƙwaya. Mu ma muna amfani da shi, amma a kwanakin farko na bari kawai, a ƙarƙashin kulawa, ana rage shi kullum har a tsayar cikin mako guda ko makamancin haka, don a hana jijjiga. Wanda ya kai kwana 47 ya wuce wannan mataki. In ka fara saye a kemis yanzu, an yi gudun gara an faɗa gidan zago, kuma rabuwa da shi yakan fi rabuwa da giya wuya. In kuwa aka haɗa shi da giya a dare ɗaya, numfashi yana iya tsayawa. Haka nan maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta hana shigo da shi da sarrafa shi a 2018 amma har yau yana yawo, da tiramol, da wiwi. Duk na ga waɗanda suka bar kwalba suka kama ɗaya daga cikinsu da sunan neman barci. Ko Piriton da ake ɗauka ba komai ba ne, bayan 'yan kwanaki jiki yake sabawa da shi, ya bar ka da nauyin kai da safe.

Maganin da ya fi inganci ba ƙwaya ba ne. Horo ne na gyaran ɗabi'ar barci, wanda likitoci suke taƙaita sunansa da CBT-I, kuma tun 2016 ƙungiyar likitocin manya ta Amurka ta ce shi ne abin da za a fara da shi ga duk mai rashin barci mai daɗewa. An gwada shi a kan masu barin giya a Kanada da Amurka, ya gyara musu barci. Shi kaɗai ba ya hana komawa sha, wannan aiki ne na daban, amma yana toshe wannan ƙofa guda.

Ginshiƙinsa abu biyu ne, kuma na farko zai ba ka mamaki: ka rage zama a gado. Yanzu kana kwanciya ƙarfe 10, kana yin awa uku ko huɗu kana juyi, kana lissafin shekarun da suka wuce da kuɗin da suka salwanta. Kowane dare kana koya wa ƙwaƙwalwarka cewa gado wurin fargaba ne. Ka samu littafin rubutu na 'yan makaranta, kowace safiya ka rubuta lokacin da ka kwanta, da ƙiyasin lokacin da barci ya ɗauke ka, da sau nawa ka farka, da lokacin da ka tashi. Ƙiyasi kawai, ban da duba agogo cikin dare, wayar ma ka kife ta nesa da kai. Bayan mako biyu ka fitar da matsakaicin awannin da kake barci na gaske. A ce awa biyar da rabi ne. To, sai ka tsayar da lokacin tashi guda ɗaya wanda ba ya motsi, ko Lahadi, ko daren da ba ka runtsa ba. Mu nan Allah ya hutar da mu neman agogo, kiran assalatu ya ishe ka. In ƙarfe 5 kake tashi, sai ka ƙirga baya awa biyar da rabi: ba za ka hau gado ba sai 11:30. Kada ka rage ƙasa da awa biyar ko yaya lissafin ya nuna. Kwanakin farko za ka sha wuya, za ka yi ta hamma da rana. Wannan yunwar barcin ita muke nema, ita ce za ta kayar da kai da dare. In ka yi mako guda kana barci a kusan duk lokacin da kake kwance, sai ka matso da kwanciya da minti 15, haka mako bayan mako har ka kai abin da ya ishe ka.

Inda mutanenmu suka fi faɗuwa shi ne komawa barci bayan sallar asuba. Na san daɗinsa, musamman ga wanda ya kwana ido biyu, amma barcin 6 zuwa 9 na safe shi ne yake cinye na daren gobe. A watannin nan ka daure. In an idar da salla ka ɗan zauna, gari na wayewa ka fita ka taka ƙafa na minti 20 ko 30 hasken safiya ya bugi idonka. Agogon cikin jiki da haske yake saita kansa, giya kuma ta daɗe tana rikita shi, har da rage sinadarin melatonin da yake sanar da jiki dare ya yi. In gyangyaɗi ya fi ƙarfinka, ka yi ƙailula ta minti 20 bayan azahar, ban da bayan la'asar. Gargaɗi ɗaya a nan: in aikinka tuƙi ne ko sarrafa inji, ko ka taɓa yin farfaɗiya, ko an taɓa ce maka kana da ciwon ƙwaƙwalwa da ke sa mutum zumuɗi mai yawa ya yi kwanaki bai ji barci ba, kada ka fara rage awannin nan sai tare da likita.

Ginshiƙi na biyu, wanda wani masani mai suna Richard Bootzin ya tsara tun 1972: in ka kwanta ka ga kamar minti 20 sun wuce barci bai zo ba, ka tashi. Ka koma falo ko kan tabarma a waje, cikin haske kaɗan, ka ja carbi, ko ka saurari karatu a hankali, ko ka karanta wani abu marar tayar da hankali. Sai idonka ya yi nauyi za ka koma. In ya sake gudu, ka sake tashi, ko sau biyar ne. Barci ɓarawo ne, ba ya shiga gidan da ake gadinsa.

Akwai wani abu da ba kasafai ake tambayar masu barin giya ba, ni kuwa da shi nake farawa: me ya maye gurbin kwalbar tsakanin magariba da tsakar dare? Sau da yawa amsar ita ce majalisa da teburin mai shayi. Zaman da mutane alheri ne, ina ma ƙarfafa shi, domin kaɗaici a waɗannan awanni haɗari ne. Matsalar abin da ke cikin kofin ce. Shayi mai kauri, ataya zagaye uku, Nescafé, lemon ƙara kuzari, ga goro a aljihu, duk kafeyin ne, sinadarin da ke korar barci. Jiki yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin ya rage rabinsa, ga mai raunin hanta ma ya fi haka. Atayar ƙarfe 8 na dare, rabinta tana nan a jininka ƙarfe 1, daidai lokacin da ka ce kana juyi. Ka tsayar da duk waɗannan daga azahar. Da dare ka sha kunu ko madara mai ɗumi. Taba sigari ma tana hana barci, kuma masu barin giya sukan ninka zuƙarta, ka nisanta ta da lokacin kwanciya. Sauran kuwa ka sani: ɗaki mai iska, gidan sauro, wanka kafin kwanciya a lokacin zafi, kada ka cika ciki da tuwo dab da shimfiɗa.

Yanzu abubuwan da nake so likita ya duba ka a kansu, domin ba kowane rashin barci ne na janyewar giya ba. Ka tambayi maiɗakinka ko kana minshari mai ƙarfi, ko ta taɓa ganin numfashinka ya tsaya sannan ka fizgo shi kamar wanda aka shaƙe. Wannan ciwo ne na toshewar maƙogwaro cikin barci, ya yawaita ga masu shan giya da masu ƙiba, yana haddasa hawan jini, kuma ƙwayar barci tana ƙara masa muni. In ƙafafunka suna damunka da dare har sai ka motsa su, a auna sinadarin ƙarfe na jininka. Gumin dare in ya haɗu da tari na fiye da mako biyu da rama, a gwada tarin fuka, domin giya tana buɗe masa hanya. In kuwa ka ga dare ya koma maka rana, rana ta koma dare, ga ruɗewa, ga ido ya yi ɗorawa ko ciki ya kumbura, wannan hanta ce, ranar za ka tafi asibiti. Sannan ciwon damuwa: farkawa tun kafin asuba da baƙin ciki mai nauyi, komai ya fita daga rai, ji kamar ba ka da amfani. Da yawa giya suke rufe shi da ita, in an janye ta sai ya fito fili. In har ka taɓa jin gara ka mutu ka huta, kada ka kwana da wannan tunani kai kaɗai, ka gaya wa wani a daren, ka nemi likita da safe.

Akwai magunguna da likita zai iya rubuta maka in horon bai wadatar ba, waɗanda ba su da haɗarin diyazefam: tirazodon, ko mirtazafin in akwai damuwa, ko gabafentin, wanda yake taimaka wa wasu wajen barci da rage ƙishin giyar, ko da yake shi ma ana sa ido a kansa don wasu suna wuce ƙima. Akwai kuma naltirekson da akamfuroset na rage marmarin sha. Zaɓin ya dogara da lafiyar hantarka da ƙodarka, shi ya sa ba abin saye kai tsaye a kemis ba ne. Ka nemi a ba ka tiyamin, wato bitamin B1, wanda giya take ƙarar da shi a jiki, ƙwaƙwalwa kuma tana buƙatarsa. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da na Dawanau a Kano, da sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, duk suna ganin masu irin matsalarka. Na san kunyar da kake ji, na san a garuruwanmu mutum ya fi son a ce yana da kowane ciwo da a ce mashayi ne. Amma ka gaya wa likitan gaskiyar adadin da kake sha da tsawon shekarun. In ka ce masa rashin barci kawai, zai iya rubuta maka ainihin ƙwayar da nake hana ka. Sirrinka amana ne a wuyansa.

Abu ɗaya ya rage, kuma ina faɗarsa ne don in ya faru kada ka rasa abin yi. In ƙafarka ta zame ka koma sha mai yawa na kwanaki, kada ka yanke shi lokaci ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Alamun janyewa suna farawa cikin awa 6 zuwa 24 bayan kofin ƙarshe, jijjiga takan zo cikin kwana biyun farko, sannan tsakanin kwana na biyu da na huɗu wasu sukan shiga ruɗewa mai tsanani da zazzaɓi da gane-gane da sambatu, wadda tana kisa in ba a kai mutum asibiti ba. Ka tsallake wannan karon lafiya, alhamdu lillahi, amma kowane zagaye na sha da bari yana sa na gaba ya fi tsanani. Don haka in ta faru, asibiti za ka nufa, a sauke ka a hankali.

Yau da dare ka fara da abu uku kawai: babu shayi babu goro daga azahar, kada ka hau gado sai 11:30, gobe kuma bayan asuba ka fita waje maimakon komawa ɗaki. Ka sayi littafin nan ka fara rubutu. Bayan mako biyu ka ɗauke shi ka kai wa likita, ko ka sake rubuto mini abin da ke ciki mu duba tare.